Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Mutumin farko da ya yi mana Hausa a ƙasar Masar, shi ne kuma ya fara cutar mu. Sunansa Sagir, ɗan ƙasarmu ne da ya je karatu ya zarce da zama, ya koma dillancin marasa lafiya: ya tarbe ka a filin jirgi, ya nema maka ɗaki da likita, ya yi maka tafinta. Ƙanena Sani da ke aiki a Abuja shi ya samo shi a waya, shi kuma ya ɗauki nauyin tafiyar. Ni tawa rakiya ce. Direban bas ne ni, shekara ashirin da 'yan kai ina jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, in hanya ta yi kyau in zarce Kano. Turancina bai wuce na shingen 'yan sanda ba, Larabcina kuwa na salla ne. Amma ni ne babba, kuma ni kaɗai ne in na ajiye aiki wata guda ba mai korata.

Wadda na rako mahaifiyata ce, Inna. Ta zame a tsakar gida da damina, ƙugunta ya karye. Mai ɗori na Wurno ya ɗaure ya kwance har sau uku bai kama ba, daga baya likitoci suka ce kan ƙashin ya mutu, sai an cire an sa na ƙarfe. Wata bakwai tana jan gindi daga ɗaki zuwa bakin murhu, matar da a da ba ta iya zama wuri guda.

Sagir ya ce wa Sani ɗakinmu na jikin asibiti. Sai da muka yi tafiyar da ta kai daga Gwaram zuwa Basirka a cikin tasi kafin mu isa, ina riƙe da kujera ina salati, domin tuƙin mutanen Alƙahira ko ni da nake cin abinci da sitiyari ban ga wurin kama shi ba. Ɗakin kuma a hawa na biyar yake, na'urar hawa benen ta daɗe da mutuwa.

"Gobe za a gyara, Alhaji," in ji Sagir, yana duba agogo. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga filin jirgi ya naɗa ni.

Ba yadda za a yi sai goyo. Na durƙusa na ba Inna baya, ta daɗe ba ta motsa ba. Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa cewa Haruna ba. Da ina yaro "wannan yaron" nake, da aka haifi ƙanwata na koma "yayan Uwani", da na sayi bas na zama "mai motar nan". Ranar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta hau bayana, na ji ba ta fi buhun dusa nauyi ba.

Kwana uku muna zirga-zirgar gwaje-gwaje, ina sauko da ita da safe in hau da ita da yamma. A rana ta huɗu aka ba mu gado, wata likita ta zo, mai matsakaicin shekaru, da tabarau a rataye a wuya. Sagir ya ce ita ce za ta sa Inna barci lokacin aiki. Ta yi ta tambaya yana fassarawa: hawan jini, ciwon suga, magungunan da take sha. Can sai ta dube ni ta yi wata tambaya.

"Wai tana mantuwa? Ko kun lura ta fara rikicewa a 'yan shekarun nan?"

Inna na zaune a gefen gado tana jan carbi, tana jin komai. Gaskiyar magana ita ce tun kafin faɗuwar ta fara. Takan zuba gishiri sau biyu a miya. Ta taɓa aika a gaishe da yayarta da ta rasu shekara shida. Wata rana a kasuwar Gwaram ta tsaya ta rasa ta inda ake komawa gida, sai da mai manja ya rako ta. Duk gidan mun sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Yanzu a ce ni, a gaban idonta, a gaban baƙi, in buɗe baki in ce uwata ta fara ruɗewa?

"Lafiyarta ƙalau," na ce. "Ta fi ni riƙe abu."

Likitar ba ta gamsu ba. Ta matso ta nuna ni da alƙalami, ta tambayi Inna sunan wannan mutumin. Inna ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ta juya fuska bango. Sagir ya yi dariya ya yi wa likitar wani dogon bayani da Larabci, ya ce mini ya gaya mata al'ada ce, tsofaffinmu ba sa amsa irin waɗannan tambayoyi. Ashe akwai sauran tambayoyi a takardar, na gwada ƙwaƙwalwa. Likitar ta ɗaga kafaɗa ta rufe takardar, ni kuwa har daɗi na ji an rabu da mu.

Kashegari da hantsi aka shiga da ita ɗakin tiyata. Kafin a tura gadon wata nas ta cire mata tabarau da carbi da ɗankunne ta damƙa mini, na zuba a aljihun jaka na ja zif. An ce awa biyu ne. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ina zaune a wani dogon baranda da ba taga, duk wanda ya fito da koren kaya sai in miƙe. Sagir ya ce bari ya je ya tarbi wasu baƙi ya dawo. Da aka fito da ita, likitan ƙashi ya ɗaga mini babban yatsa, ya yi ta magana, abin da na tsinta kawai shi ne jini da alhamdu lillahi. Na yi sujada a kan tayil ɗin nan mai sanyi, ina ganin mun haye.

Washegari Inna ta yini shiru, idonta a silin. In na ce sannu sai ta gyaɗa kai. Na ɗauka gajiya ce. Ɗakin da aka sa ta ba taga, fitila fara a kunne ba dare ba rana, injuna na ta ƙara, kowane lokaci wani ya shigo ya ɗaga mata hannu ya soka allura ya yi yaren da ba ta ji. Masu juya ta da kawo mata fo maza ne biyu ƙarti. In sun shigo nakan fita, don haka ban ga yadda take yi da su ba.

A rana ta biyu, bayan la'asar, ina salla a gefen gado, na kai raka'a ta uku, sai na ji an ƙwala kira.

"Haruna!"

Ban san yadda na sallame ba. Muryar Inna ce, amma da ƙarfin da ban san ta da shi ba. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin sunana a bakin nan ba. Gabana ya yanke ya faɗi, da rarrafe na isa bakin gadon.

"Na'am, Inna. Ga ni."

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya faɗo gida ba sallama.

"Malam, don Allah ba ka ga yarona ba? Yanzun nan na ajiye shi a gindin turmi. Rijiyar nan ba murfi. Haruna!"

Wata nas ta leƙo, ta ji, ta duba fasfo ɗina da ke kan tebur, ta yi murmushi ta tafa hannu. Da hannu da ka ta nuna mini cewa madalla, Hajiya ta farfaɗo, ga shi har ta san sunan ɗanta. Ta rubuta wani abu a allon gado ta fita. Na bi ta baranda ina cewa ba lafiya ba, ba lafiya ba, da Hausa, da guntun Turanci, har da ayar da ta zo bakina. Ta dafa kafaɗata ta wuce. Abin da ya fi komai nuna cewa Inna ta tafi, shi suka rubuta a matsayin sauƙi, kuma duk ginin nan ba mai fahimtar dalilin da ƙato kamata yake rawar jiki don uwarsa ta kira sunansa.

Na kira Sagir, waya a kashe. Na sake kira har batir ya yi ja. Sagir ya yi layar zana, sai bayan kwana biyar ya turo saƙo wai yana wani gari da wasu marasa lafiya.

Kafin magariba abin ya ƙazanta. Inna ta ce gadon nan a gidan mahaifinta yake a Basirka, ta ce akwai awaki a ƙarƙashinsa suna cin dawa. Ta fizge robar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, ta yunƙura za ta sauka a kan ƙafar da aka yanka shekaranjiya don ta je ta duba rijiya. Na riƙe ta, ta kwantsa mini cizo a hannu tana ihu a cece ta daga wannan mutumin. Ƙartin nan suka shigo suka ɗaure hannayenta a ƙarfen gado da farin ƙyalle, aka yi mata allura. Ina tsaye ina kallo aka ɗaure uwata kamar akuyar da za a kai kasuwa, ban iya cewa komai ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba.

Na kira gida. Uwani ta fashe da kuka.

"Yaya, wallahi iska ce. Ƙasar Fir'auna fa kuka je! Ka tofa mata Falaƙi da Nasi, bari in sa a yi sauka."

Sani kuma ya ce, "Yaya, kada ka bari maganar nan ta fita. Ka dai lallaɓa a sallame ku."

Na tofa duk abin da na haddace. Kwana uku muna haka: da safe ta yi lamo kamar ba rai, da yamma ta tashi neman yaro. Na daina komawa ɗakinmu, na daina cin abin kirki. Ina da bizar wata guda da tikitin komawa, kuma na ji a bakin wani ɗan Ghana mai jinyar matarsa cewa jirgi ba ya ɗaukar wanda ke fizge-fizge. Tsoron mutuwarta ma bai kai mini wani tsoron ba: in koma Gwaram da wata tsohuwa mai sabon ƙugu wadda ba ta san kowa ba, in ce wa dangi ga abin da na je na yi da Inna.

Ranar Alhamis da safe ina zaune na haɗa kai da gwiwa, wata mai shara ta shigo da bokiti, baƙa doguwa, ta kai shekara hamsin. Inna ta yi nishi ta ce, "Wayyo Allah, ƙishi." Sai na ji an ce, "Sannu, Iya. Sannu da jiki."

Na ɗago a firgice. Sunanta Batula, Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa suka yada zango a can, yaƙi kuma ya koro ta Masar da 'ya'yanta. Hausarta ta tsofaffi ce, da Larabci a cakuɗe, amma a kunnena ta fi ta gidan rediyo daɗi. Na kwashe komai na gaya mata, ina magana hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba.

Ta ajiye tsintsiya. Ta ɗaga gorar ruwan da ke kan tebur, a cike. Ta buɗe durowa, ga wasu huɗu ba a ko fasa ba. Ta taɓa goshin Inna, ta leƙa bakinta.

"Ya salam! Ɗan'uwa, harshen nan ya bushe kamar fata. Yaushe rabonta da ruwa?"

"In na ba ta sai ta kawar da kai."

"Wa ke sa mata fo?"

Na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"To ina za ta sha? Tsohuwa irin wannan ta sha ruwa, fitsari ya kama ta, maza su zo su ɗaga mata zani, ɗanta na fari yana bakin ƙofa? Ai ko uwata ce gara ta mutu da ƙishi. Kai ma ba ka yi tunani ba?"

Ban yi ba. Ni da na san kunyar Inna fiye da kowa, ban yi ba.

Batula ta bar aikinta ta je ta nemo likitar nan mai tabarau, abin da zai iya jawo mata kora. Ta tsaya a tsakaninmu tana juya magana. Da ta bayyana mata batun suna, likitar ta cire tabarau ta dube ni, ta sake yin tambayar da ta yi ran farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na faɗi gishirin, na faɗi gaisuwar mamaciya, na faɗi kasuwar Gwaram. Har na ƙara da abin da ban ɗauka magani ba ne: 'yar ƙwayar mura mai sa barci da Inna ke sha kullum tun rasuwar Baba, da goron da ba ta taɓa yini ba ta ci ba.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta yi bayani, Batula na mayar mini. Ta ce ƙwaƙwalwar tsoho in ta riga ta fara rauni, babban aiki yana iya girgiza ta. Doguwar tiyata, zubar jini, zafin ciwo, magunguna masu nauyi, rashin barci, ƙishi, ga zazzaɓi da alama ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, ga mutum ba ya gani sosai, ba ya jin yaren kowa, bai san dare ba bai san rana ba. Ta ce kowanne shi kaɗai ana iya tsallake shi, amma a kan Inna duk sun taru. Ta ce da ta sani, da ta canza wasu magungunan, da ta sa an sa mata ido tun daga ranar farko.

"Tambaye ta, za ta dawo?" na ce wa Batula.

Suka yi magana, Batula ta juyo.

"Ta ce wannan haukan na yanzu zai lafa, in Allah ya so. Amma wasu tsofaffin ba sa komawa daidai inda suke. Ta ce ba za ta yi maka alkawari ba."

Likitar ta tambaya ina tabarau ɗin Inna. Yana aljihun jakata, kwana shida, tare da carbinta. Wannan ma ni ne.

A ranar aka kwance mata hannu, aka mayar da ita ɗaki mai taga inda ake jin kiran salla, aka sa mata ruwa da maganin zazzaɓin, aka kuma ce ma'aikata mata ne kaɗai za su riƙa kama ta. Batula takan zo bayan ta tashi aiki da kunu a fulas, na gero na gaske, ta zauna tana ba ta a cokali suna hirar daka da surfe. Har goro ta samo mana wurin 'yan'uwanta, ya bushe ya yi tauri, likita ta ce a ba ta ɗan ɓari. Da za mu rabu na ciro abin da ya rage a aljihuna, ta ture hannuna ta ce in na isa gida in ɗebo ƙasar Hausa in taɓa a madadinta, ita ba ta taɓa gani ba.

Fizge-fizgen ya tsaya a kwana na goma. Aka fara koya mata tafiya da ƙarfe mai ƙafa huɗu. Wata safiya ta dube ni ta cikin tabarau ta ce wa Batula, "Ki ce wa mai motar nan ya je ya ci abinci, ya rame." Na fita baranda na yi kuka kamar yaro. Amma da la'asar ta yi, ta sake tambayata ko na ga yaronta.

Saura kwana biyu biza ta ƙare aka ba mu takardar shiga jirgi. Awannin nan a sama ban ƙifta ido ba. Na riƙe bakin mayafinta, ina jiran ta miƙe ta ce a buɗe ƙofa za ta duba rijiya. Allah ya rufa asiri ta yi barci. Daga Kano a bas ɗina muka taho, abokin aikina ya kawo mini ita. Da muka wuce Birnin Kudu ta ga duwatsu, ta ce, "Mun kusa." Na ce a raina shi ke nan, gida zai ƙarasa abin da magani ya fara.

Bai ƙarasa ba. Yau shekara guda da wata biyu. Ƙafa ta warke sarai, Inna na zagaya gida da sanda, masu zuwa dubiya suna ta yaba aikin Masar. Da safe ta san kowa, tana tsokanar jikoki, ni kuma mai motar nan ne. Amma an raba ta da murhu tun ranar da ta ɗora tukunya ba ruwa, kuma ba ta iya kai salla ƙarshe sai matata ta tsaya a gefenta. Likitan da muke gani ya ce wataƙila da ma can hanyar da za ta bi ke nan, tiyatar ta dai ƙara mata sauri. Ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Kullum ina auna kalma biyun nan da na ce, lafiyarta ƙalau.

Na daina lodin yamma. La'asar na yi nake ajiye mota in dawo, domin in rana ta karkata ba wanda take yarda da shi sai baƙon malamin nan da ke zama a bakin ƙofarta. Har yanzu in ta ɗaga murya ta kira sunan, sai tsikar jikina ta tashi. Nakan ce mata yaron yana wurin kakarsa, an rufe rijiya. Sai ta sauke ajiyar zuciya, ta shiga ba ni labarinsa. Wai yana da wata 'yar dariya in an yi masa wanka. Wai ranar da aka yaye shi aka kai ɗakin kakarsa, ta yini tana leƙensa ta hudar zana, nono na zuba, ba halin ta je. Wai da ya yi ƙyanda ta sayar da ƙwaryar aurenta a ɓoye ta ba da a sayo magani, ta ce kada a faɗi daga inda ya fito.

Ran Talatar da ta wuce ta yi shiru a tsakiyar labari, ta matso da kai ta rage murya.

"Malam, kai da ka san shi. Kana ganin ya san ina son sa?"

"Ya sani, Inna."

Ta daɗe tana kallona, damuwa fal a fuskarta.

"To wa ya gaya masa?"